Dutsen Tsoho da Mayen Ƙarfena

Laifina ne, kuma gara in faɗa da bakina kafin Yaya ta riga ni, don ita idan ta ba da labarin sai ta ƙara masa yaji. Na ƙaryata kakana a gaban maƙera bakwai da wani mai sayar da rake, kuma hujjata kaf a duniya ita ce mayen ƙarfen da na ɓamɓaro daga cikin matacciyar sifika.

A lokacin ina aji huɗu a sakandare. Malaminmu na kimiyya ya ce maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, yana jan ƙarfe. Iyakar abin da na ji ke nan, domin sauran darasin na yi shi ne ina kallon wani ƙadangare da ke ƙoƙarin hawa allo. Amma jimlar nan guda ta ishe ni. Da na samu mayena, mai zagaye kamar ƙosai da rami a tsakiya, sai na naɗa kaina babban mai binciken ƙarfe na Kaura da kewaye. Na kwashe alluran Inna. Na tona asirin cokulan gidanmu. Na bi keke napep ina manna masa maye a baya har direban ya tsaya ya zage ni da kakannina. Na je gulbi na ja shi cikin yashi, ya fito da baƙin gemu kamar na ladan. Duk abin da ya kama, ƙarfe ne. Duk abin da ya ƙi, ƙarya ce. Haka na raba duniya gida biyu na huta.

Kakan nan nawa mahaifin Inna ne, Tsoho nake ce masa. Maƙeri ne ɗan maƙera, daga wani ƙauye can bayan Zurmi. Damina biyu kafin wannan labari, 'yan bindiga suka matsa wa yankinsu har mutanen ƙauyen suka watse, shi kuma ya dawo wurinmu. Kowa ya fito da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Wasu tukwane, wasu akuya, wata tsohuwa an ce turmi ta ɗauko a ka. Tsoho ya iso da masaɓarsa, gudumar ƙira, a hannu da dutse a aljihu.

Dutsen bai fi dunƙulen hannuna ba, ja ne mai duhu kamar busasshen goro, ga nauyi. Tama ce, in ji shi, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Daga tsaunin bayan ƙauyensu take, inda mahaifinsa ya yi narkar ƙarshe lokacin Tsoho yana ƙaramin yaro mai zuga. Ya kan ba da labarin yadda ake gina murhun laka mai tsawon mutum, a jera tama da gawayi, a yi ta zuga har gumi ya ƙare a jikin mutum, sannan a fasa gindin murhun a jawo ƙarfe yana huci. Na ji labarin nan sau dubu tara, ban da na ranar Sallah.

A Kaura ba shi da maƙera, kuma hannunsa ya fara rawa. Amma kullum da safe sai ya saka hula ya tafi rumfar maƙeran da ke bayan kasuwar hatsi. Su samari ne, da sifirin tsofaffin motoci suke ƙera fartanya da lauje da gatari, ba wanda ya taɓa ganin ƙarfe ya fito daga dutse. Sun ba shi buhu yana zama a kai kusa da uwar maƙera, wato ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa. Idan za a tsoma lauje a ruwa su kan dube shi, shi kuma ya ɗaga kai ko ya girgiza. Idan baƙo ya zo, sai su ce, "Baba, nuna mashi dutsen." Ban gane ba a lokacin, amma dutsen nan shi ne takardar shaidarsa. A garin da ba wanda ya san gidan ubansa, da shi yake nuna cewa ba zaman banza ya zo yi a rumfar mutane ba.

Ran nan Inna ta aike ni in kai masa fura. Na tarar yana tsakiyar labarin, wani baƙo daga Shinkafi ya saki baki yana ji. Mayena yana aljihu yana yi mini ƙaiƙayi.

Na ce, "Tsoho, kawo dutsen nan in duba lafiyarsa."

Ya ce, "Ja'iri, kai da ba ka iya duba lafiyar wandonka ba?"

Aka yi dariya. Tsakanin jika da kaka wasa ne, kowa ya sani, ni da shi mun saba fiye da haka. Ya miƙo mini. Na ɗaga mayen sama yadda kowa zai gani, na kai shi jikin uwar maƙera, ya kama ji kake ƙaf. Na ɓamɓare da ƙyar. Na kai shi jikin awartaki, ƙaf. Na kai shi jikin dutsen Tsoho.

Shiru. Ko gaisawa ba su yi ba.

Na juya dutsen, na sake. Na goge shi da riga, na sake. Sai na gyara murya kamar mai shela.

"Jama'a, ku shaida. Kimiyya ta yi magana. Da wannan da dutsen jifan ƙadangare uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Rumfa ta ɗauka. Mai rake ya ƙware har sai da aka buga masa baya. Wani dogon maƙeri mai wushirya ya ce, "Haba Baba, ashe marmara ka ɗauko muna tun daga Zurmi? Ai da ka yi magana, ga ta nan bayan tasha kyauta." Baƙon Shinkafi ya rufe bakinsa ya tashi. Tsoho ma ya yi dariya, ya karɓi dutsensa ya mayar aljihu. Ni kuwa na koma gida ina tafiya kamar wanda ya ci kofi. Abu ɗaya kawai na lura da shi, shi ma sai daga baya: kwanon furar ya dawo da fiye da rabi.

Washegari bai je rumfa ba, ya ce ƙafa. Jibi ya ce rana. Aka yi mako yana zaune a ƙofar gida yana kallon masu babur. Hular ma ya daina sakawa. Wata safiya na je buɗe wa kaji, sai na ga abin da aka tokare ƙofar akurki da shi. Dutsen ne, kashin kaji a kansa.

Inna ba ta dake ni ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wasa da kaka a cikin gida ake yin shi. Mutum ya baro gonarsa da maƙerarsa da kabarin iyayensa, abu ɗaya ya rage yana nunawa, kai kuma ka je kasuwa ka karɓe."

Ranar Juma'a Yaya ta dawo. Ita ce babbar yayata, tana karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje a kwalejin fasaha ta garinmu, kuma makonnin jarrabawa a can take kwana. Inna ta ba ta labari kafin ta ajiye jaka. Ta zo ta kama kunnena ta murɗa, na rantse har yau na hagu ya fi na dama tsawo.

"Kai, farfesa. Wa ya ce maka duk abin da ke da ƙarfe maye na kama shi?"

"Malam ya ce."

"Malam ya ce, ko kai ka ji? Ɗauko mini dutsen. Ka wanke shi tukuna."

Ta goga shi a bayan wani fasasshen faranti na tangaran, ya bar jan layi kamar jini ya bushe. Ta auna nauyinsa a tafin hannu. Sai ta ce in zauna, ta miƙo mini tiren shinkafa in taya ta tsinta, domin a wurin Yaya ilimi ba ya zuwa kyauta.

Ta ce kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra, ƙanana ƙwarai, kuma a cikin irin wannan dutse a jere suke sahu-sahu. Kowace zarra ta ƙarfe ɗan ƙaramin maye ce da kanta, tana da kai tana da wutsiya. A cikin uwar maƙera, idan maye ya matso, sai su juya kai wuri ɗaya su ja tare, shi ne ƙaf ɗin da na ji.

"A cikin tama fa?"

"Ka taɓa ganin ana loda shanu a tirela ranar kasuwar Moriki?"

Na taɓa gani. Ba a jera su kai ɗaya, don ƙahoni za su sarƙe. Wannan kanta gabas, ta kusa da ita kanta yamma, haka har a cika mota.

"To haka suke a jan dutsen nan. Sahu ɗaya na ja nan, na kusa da shi na ja can. Ƙarfi na nan cike da mota, amma in ka tsaya a waje ba ka jin komai, don kowace ta kashe na 'yar'uwarta. Mayenka ya zo ya yi sallama, rabi sun ce shigo, rabi sun ce koma. Sai kai kuma ka hau kan buhu ka ce ba kowa a gidan."

Na ce to ai shi ke nan, suna tsaye ƙiƙam kamar sojoji. Ta ce a'a, nan ne ma abin yake da daɗi. Zarra ba ta taɓa tsayawa cik. Kullum cikin ɓari suke, kuma abin da muke kira zafi ɓarin nan ne idan ya yi yawa. Ta ce in tuna tirelar a kan hanyar Sakajiki mai ramuka. Mota ta girgiza, shanu su matsu ko su ware, wadda aka matsa dole ta gyara kanta. Wata kuma ta kaɗa ƙaho don kanta, sai ta ture maƙwabciyarta, turin ya bi sahu har ƙarshen mota. Girgiza tana juya kawuna, juyin kawuna yana haifar da girgiza, ba ka iya raba su. Ta ce akwai masana da aikinsu ke nan, su sanyaya ɗan ƙaramin dutse irin wannan, su haska masa haske, su auna yadda ɓarin da juyin suke jan juna, wai ko wata rana a yi na'urori masu sauri da ba sa zafi. Idan kuma girgizar ta wuce misali, sahu ya watse gaba ɗaya, kowace saniya ta kalli inda ta ga dama.

Na tambaye ta ko masanan nan suna biyan mai riƙe musu fitila. Ta jefe ni da tsakuwar shinkafa.

Duk wannan Tsoho yana zaune a bakin zaure, ya ba mu baya kamar ba ya ji. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri, na kwashe bayanin shanu kaf na juye masa, har da kukan saniya don ya fi fahimta.

Ya ce, "Na ji. Tashi. Amma shanun ga naka, wa zai gan su? Su dai sun ga maye ya ƙi."

Gaskiyarsa. Ba zan je rumfa in ce wa mai wushirya akwai tirela a cikin dutse ba.

Yaya ta matso ta ce akwai hanya. Idan aka binne gutsuren tama a cikin gawayi aka gasa, ba a narka ba, gashi kawai, zai rikiɗe ya yi baƙi. A baƙin, ja-in-jar tana nan, amma ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, don haka maye zai kama.

Tsoho ya juyo gaba ɗaya. Rabon da in ga ya juyo da sauri haka tun ranar da kunama ta shiga takalminsa.

"Ke, wa ya hwaɗa miki ana gasa tama?"

"A littafi na gani, Baba."

"Littahin ga maƙeri ya rubuta shi? Ai babana bai taɓa sa tama murhu ɗanya ba. Wuni guda muka gasa ta bisa itace har ta yi baƙi ta yi taushi, sannan a farfasa. Ni ka juya ta da sanda."

A cikin sau dubu taran da na ji labarin, ban taɓa jin wannan ba. Ko kuma ya faɗa ina kallon ƙadangare.

Yaya ta ce, "Amma Baba, ni ban taɓa gwadawa da hannuna ba. Kuma sai an fasa dutsen. In ƙarfen cikinsa kaɗan ne, zai iya ƙi."

Ya daɗe yana juya dutsen a hannu. Ni na so a yi gwajin a gida, a murhun Inna, in ya ƙi mu rufa wa juna asiri. Ya ce inda aka yi dariya can za a gasa. Ranar Asabar da safe ya saka hula.

Maƙeran sun yi murnar ganinsa, har mai wushirya ya kaɗe masa buhu. Da ya faɗi abin da ya kawo shi sai suka fara kallon juna. Babbansu ya ce, "Baba, bar wanga zance, wasan yara ne." Tsoho ya ɗora dutsen a kan uwar maƙera, ya ɗaga masaɓarsa. Hannun yana rawa har ya kai sama, amma da ya sauko bugu ɗaya ya yi. Dutsen da ya taho da shi tun daga ƙauye ya rabu biyu. Ya mayar da babban aljihu, ya tura ƙaramin can ƙarƙashin gawayi ya rufe.

Ni aka sa zuga. Zugarsu ta zamani ce, ƙafar keke ce ake juyawa tana kaɗa fanka. Na kama da ƙarfi don in nuna tuba, Tsoho ya daka mini tsawa.

"Sannu, ja'iri! Gashi muka yi, ba ƙuna ba. Kamar kana hura wa jariri kunu."

Na yi ta juyawa a hankali har na tsufa. Gemu ya fito mini ya yi furfura. Mai rake ya dawo, ya kira mai shayi, mai shayi ya kira masu ɗaukar buhu. Kafin a jima rumfa ta cika kamar ana rabon taki. Can Tsoho ya sa awartaki ya zaro gutsuren, jajir, yana ƙyalli, ya ajiye a ƙasa.

A nan na yi wauta ta biyu. Ban jira kowa ba, na zabura na danna mayena a kansa.

Bai kama ba. Sai ma ji na yi ƙas, mayen ya tsage gida biyu saboda zafi, na yar da shi ina yarfe yatsu. Wani a baya ya fara dariya ƙasa-ƙasa. Na dubi Tsoho. Fuskarsa ba ta motsa ba, amma na ga hannunsa ya shiga aljihu ya damƙe ɗaya rabin dutsen. Na sa ya fasa dutsensa, na tara masa rabin kasuwa, don a sake yi masa dariya.

Sai maganar Yaya ta faɗo mini.

"Girgiza ce! Wallahi girgiza ce! Zafi ya yi yawa, shanun sun watse!"

Mai shayi ya ce, "Yaron ga ya taɓu. Waɗanne shanu?"

Na ce su gwada da nasu ƙarfen in ƙarya nake. Babban maƙerin ya dube ni, ya dubi Tsoho. Akwai sifirin da ke cikin wuta tun ɗazu, ya yi ja har yana neman fari. Ya zaro shi, ya ɗauki rabin mayena da wani awartakin, ya matso da shi dab da jan ƙarfen. Ko motsi. Ya kai shi can ƙarshen da bai shiga wuta ba, ƙaf.

Tsoho ya dubi mai wushirya ya ce, "To, wanga ma marmara ta? Daga bayan tasha kunka ɗauko ta?"

Wannan karon dariyar ba a kansa ta sauka ba. Ya tura gutsurensa cikin toka ya rufe, ya ce ba a tambayar mai masassara hanya, a bari ya huce. Aka kira azahar, muka tafi masallaci. Ban san me na karanta a sallar nan ba, Allah Ya yafe mini.

Da muka dawo ya tone tokar da kansa. Gutsuren ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Ya taɓa shi da bayan yatsa, ya hure, ya ɗora a tafin hannunsa. Na miƙa hannu in ɗauki mayen, ya buge mini hannu.

"Kai ka gama naka."

Ya miƙa wa mai wushirya mayen. Shi kuma ya sauko da rabin mayen a hankali. Saura kamar faɗin yatsa, gutsuren ya yi tsalle daga hannun Tsoho ya manne. Ƙaramar ƙara ce, ba ta kai ta uwar maƙera ba, amma kowa ya ji ta. Mai wushirya ya ɗaga shi sama, ya girgiza, bai faɗo ba. Aka yi ta karɓa hannu zuwa hannu, har mai rake sai da ya gwada, ya kuma gwada a jikin rakensa don ya tabbatar ba sihiri.

Babban maƙerin ya ce, "Baba, to bayan an gasa, mi aka yi?"

Tsoho ya gyara zama a kan buhu ya fara daga farko, daga gina murhun laka. Na tsaya na ji har ƙarshe.

Da na koma gida na ba Yaya labari, na ce gutsuren ya yi tsalle kamu uku. Ta ce in rage. Na ce kamu ɗaya. Ta kai hannu wajen kunnena, na ce faɗin yatsa.

Har yanzu ba a koma ƙauyensu ba, kuma ba wanda ya gina murhun laka, ko da yake mai wushirya yana cewa bayan kaka za su gwada. Baƙin gutsuren yana manne da rabin mayena a jikin ginshiƙin rumfar, ɗaya rabin mayen Inna ta karɓe tana tsintar allura da shi. Jan rabin dutsen yana aljihun Tsoho, kuma kullum da safe yana saka hula ya tafi.